Zuma ga zaƙi ga harbi

Jama'a manoma, ku saurara. Idan ɗorawa ta yi fure, ko wake ya yi fure a gona, za ku ga yara suna tsinka suna tsotson ruwan zaƙin da ke ciki. Wasu iyaye suna tambaya, shin wannan yana da lahani? A ganinmu, ruwan zaƙin furen ɗorawa ba ya cutar da yaro. Amma kada a sake wa yara wannan al'ada, don akwai haɗari a wurare uku.

Na farko, yaro bai san bambancin itatuwa ba. Zaƙami yana da farin fure mai kyau, amma tun daga saiwa har ƴaƴa dafi ne. Wanda ya ci shi, bakinsa zai bushe, jikinsa ya yi zafi, ya riƙa sambatu, wani lokaci har a rasa rai. Kariya ma haka take, da ruwanta maharba suke dafa kibiya. Ita kuwa tumfafiya, farin ruwanta yana iya ɓata ido.

Na biyu, lokacin da wake yake fure ne ake fesa masa maganin ƙwari. Yaron da ya tsotsi wannan fure, magani ya sha. Alamarsa amai, zufa, yawan miyau da ciwon kai. In kun ga haka, kada ku ba shi madara ko mai, kada ku tilasta masa amai. Ku kai shi likita nan da nan, tare da kwalbar maganin.

Na uku, asarar taku ce. Furen da aka tsinke ba zai yi ɗa ba. Duk tuntun ɗorawa da yaro ya kakkaɓo, an rage kalwar da uwargida za ta yi daddawa da ita. Ruwan zaƙin nan kuma abincin ƙudan zuma ne, su ne suke kai garin fure daga wannan zuwa wancan, har kabewa da kankana su yi ƴaƴa. Saboda su ma, a yi feshi da marece.

To, ku fita da yaranku ku nuna musu zaƙami da kariya da tumfafiya. In kun yi feshi, ku kafa alama a bakin gona, ku gaya wa maƙwabta. Mai son zaƙi ya jira cin zuma. Rigakafi ya fi magani.