Bai Kamata A Jingine Tsohuwar Firinta Ba

'Yan kasuwa da dama na jingine tsofaffin firintocinsu don kawai sabuwar kwamfuta ba ta da kafar nan mai ramuka 25 da ake soka wayarsu. Wannan asara ce marar dalili. Tun bayan fitowar USB a 1996 masu ƙera kwamfuta suka soma watsi da tsohuwar kafa, amma akwai wayar da ke haɗa biyun, ana kuwa samunta a kasuwar Computer Village ta Ikeja.

Firinta mai allura irin Epson LX-300 tana fitar da rasit da kwafinsa a bugu ɗaya, abin da mai leza ba ta iyawa. Inda gizo ke saƙa shi ne manhajar sarrafa firintar. Wajibi ne mai saye ya tabbatar Windows ɗinsa na karɓarta kafin ya biya kuɗin waya.