Waken Samaru da Ɓerayen Faransa

Duk wanda ya taɓa shuka wake ya san tsutsar nan da ke shiga fure da kwanso tun suna ɗanye, wadda masana ke kira Maruka. Idan ta samu sake takan lashe har kashi 80 cikin ɗari na amfanin gona. Maganinta da aka sani shi ne feshi, sau shida zuwa takwas a damina guda, kuma sau da yawa yaro ne ke goye da tankin, ba safar hannu, ba abin rufe hanci.

Saboda wannan tsutsa ne Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru ta shafe kusan shekara goma tana gwajin wani wake, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mohammad Ishiyaku. An dasa masa ƙwayar halitta guda daga wata bakteriyar cikin ƙasa, Bacillus thuringiensis (Bt), sai ya riƙa samar da furotin da ke kashe tsutsar idan ta ci. Hukumar NBMA, wadda aka kafa a 2015 don sa ido kan irin wannan fasaha, ta amince da shi a 2019, aka raɗa masa suna SAMPEA 20-T. Masu shi sun ce feshi biyu ya ishe shi. A Janairun 2024 masarar TELA ta biyo baya, nan fa ƙura ta tashi, har Majalisar Wakilai ta nemi a dakatar da shigo da irin da aka sauya wa ƙwayar halitta, wato GMO, sai an kammala bincike.

Majalisa ta yi tambaya ba laifi ba ne, aikinta ke nan. Abin dubawa shi ne hujjar da ake kafawa da ita.

Mafi yawan saƙonnin da ke yawo a WhatsApp cewa GMO na jawo ciwon daji, idan aka bi saiwarsu, kan tsaya ne ga hoto guda: ɓeraye masu ƙari kamar ƙwallo a jiki. Hoton ya fito daga binciken Gilles-Éric Séralini na Faransa a 2012, wanda ya ciyar da ɓeraye masarar GMO. Ɓerayen da ya zaɓa jinsin Sprague-Dawley ne, waɗanda aka sani suna yawan yin ƙari idan sun tsufa, ko me aka ba su suka ci, shi kuma ya riƙe su shekara biyu. Kowane rukuni ɓera goma ne kacal. Da goma ba a iya rabe abin da masara ta jawo da abin da tsufa ya kawo. Mujallar da ta buga aikin ta janye shi a 2013. Wata ta sake buga shi a 2014, amma adadin ɓerayen bai ƙaru ba. A ɗaya ɓangaren, cibiyoyin kimiyya na ƙasar Amurka sun tace nazarce-nazarce kusan 900 a 2016, ba su sami shaidar cewa abincin GMO da ke kasuwa ya fi sauran haɗari ga lafiya ba. Ɗan majalisar da ya ɗora waɗannan biyu a ma'auni ya ce sun yi kunnen doki, bai duba ma'aunin ba.

Wannan bai wanke masu tallar fasahar ba. Burkina Faso ta rungumi audugar Bt a 2008, tsutsa ta ragu, feshi ya ragu. Sai ga matsala ta inda ba a sa ido ba: silin audugar ya gajarce, darajarta ta faɗi a kasuwar duniya, kamfanonin auduga suka yi asara, ƙasar ta watsar da irin a 2016. A Indiya kuwa tsutsar auduga ta saba da furotin ɗin, manoma suka koma feshi. Ga lahani na gaske, wanda aka auna aka gani, kuma babu ruwansa da ciwon daji ko hana haihuwa.

Tambayoyin da ya kamata majalisa ta tsare NBMA da su ke nan. Wa ke bin gonaki yana duba ko Maruka ta fara sabawa da waken Samaru? Nawa manomi ke sayen masarar TELA, tunda haɗaɗɗen iri ce da ake sake saye kowace shekara? Yaya za a yi da batun lakabi a kasuwar Dawanau, inda da tiya ake awo, buhun wannan gona ya gauraye da na waccan? Kuma ina sakamakon gwajin da aka dogara da shi, a buɗe, yadda malamin wata jami'a da ba shi da hannu a aikin zai iya bi ya tantance?

Jami'i ya fito a talabijin ya ce a kwantar da hankali ba ya gamsar da mutanen Kano, kuma suna da dalili. Ba su manta da gwajin maganin Trovan na 1996 ba, wanda zargin da ya bari ya taimaka wajen ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003. A irin wannan wuri, hukumar da ta riƙe bayananta a aljihun tebur ta bar wa masu jita-jita fili.

Ana cikin wannan cece-kuce, akwai guba a wake wadda babu mai musu a kanta. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan sinadarin dichlorvos, wanda wasu 'yan kasuwa ke zubawa don ƙwari kada su huda shi a ajiya. Waken Samaru bai magance wannan ba, domin ƙwaron rumbu daban, tsutsar gona daban. Buhun PICS mai ruɓi uku, wanda ke toshe iska har ƙwarin su mutu, yana magance shi ba tare da ɗigon magani ba. Turai ta rufe ƙofarta, waken kuwa ya ci gaba da shiga tukwanen ƙosai da alala a gida.