Daren da wata ya yi zazzaɓi

A daren 27 ga Yulin 2018, lokacin husufin wata mafi tsawo a wannan ƙarni, na hau soro da kyamarata ina cika baki. Awa ɗaya da minti 43 wata ya shafe cikin inuwar duniya, jajawur kamar garwashi. Da na duba abin da na ɗauka, sai na tarar da wani jan ɗigo mai rawa, kamar fitilar bayan babur.

Na so in ɗora wa kyamara laifi, alhali hannuna ne ya ci amanata. Idan wata ya rine, haskensa raguwa yake yi ƙwarai, dole idon kyamara ya zauna a buɗe daƙiƙa ɗaya ko biyu. Ko numfashi ka ja, hoto ya ɓaci.

Saboda haka, mai karatu, kafin kyamara mai tsada, fara neman mazauni mai ƙafa uku, sannan gilashin zuƙowa na milimita 300. Kashe filasha, ka saita ta ta ɗauka da kanta bayan daƙiƙa biyu.

Kuma ka haɗa kayanka tun da rana, kada a tada sallar husufi kana can kana murɗa kusoshi.