Kwalliya Daga Tsakar Gida: Nasiha Ga 'Yan'uwa Mata Da Masu Neman Aurensu

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.



Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani al'amari da na gani a Islamiyyarmu nan Maruta. Muna cikin darasin alwala sai na sa wata ɗaliba ta gwada a gaban aji. Da ta naɗe hannun hijabi sai na ga fuska fara sol, gaɓoɓin yatsu baƙi ƙirin, damtse kuma duk nankarwa. Bayan an tashi na kira ta gefe. Ta ce bikinta ya matso, kuma ƙawayenta sun gaya mata amarya baƙa ba ta haska ɗaki. Kuɗin da take kashewa a kan man haɗi kowane wata sun fi kuɗin makarantarta na zango guda.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: kwalliya halal ce, kuma abin da 'ya mace take buƙata don gyaran jiki yawancinsa yana tsakar gida ko a kasuwar Sara da ta Birnin Kudu, a farashi mai rahusa. Abin da Musulunci ya hana shi ne cutar da jiki da raina halittar Allah.

Addininmu bai ƙi ado ba. Ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Allah Yana son kyau. A Suratur Rum, aya ta 22, an lissafa bambancin harsunanmu da launukanmu cikin ayoyin Allah, tare da halittar sammai da ƙasa. To yaya wanda ya yi imani da wannan zai ɗauki launin fatarsa a matsayin aibin da za a kankare? Kuma hadisi na 32 cikin Arba'una na Imamun Nawawi ya kafa ƙa'idar hana cutar da kai da cutar da wani. Da wannan ma'auni za mu auna kowane mai da kowane sabulu.

Mayukan bilicin yawanci suna ɗauke da ɗaya daga cikin sinadarai 3. Na farko haidirokwinon, wanda ke hana fata samar da sinadarin baƙi da Allah Ya sanya mana garkuwa daga zafin rana. Idan aka daɗe ana shafa shi sai fata ta yi baƙin tabo mai wuyar magani. Na biyu sitiroyid, maganin asibiti ne na kumburin fata, amma yawan shafa shi yana sirantar da fata, ya kawo nankarwa da ƙuraje, ya hana rauni warkewa da wuri, har ya kai ga hawan jini da ciwon suga. Na uku makuri, gubar da ke lalata ƙoda da jijiyoyi, kuma tana isa ga ɗan tayi a ciki. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kawo rahoton cewa kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya suna amfani da kayan hasken fata. A 2023 hukumar NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa. Kafin nan Kwaddebuwa ta haramta irin waɗannan mayuka a 2015.

To mece ce mafita? Mu waiwayi abin da kakanninmu suka yi ado da shi.

Man kaɗanya shi ne kan gaba. Ki shafa shi bayan wanka tun jiki da sauran danshi, domin aikinsa shi ne riƙe ruwa a cikin fata. Da hunturu babu abin da ya kai shi maganin kaushi da faso da tsagewar leɓe. Idan ya yi miki nauyi, ki sassauta shi da man riɗi, wanda Jigawa ta shahara da nomansa.

Sai lalle. A daka busasshen ganye, a tankaɗe, a kwaɓa da ruwa, a bar shi ya tsumu kafin a ƙunsa. Launinsa yana kama fata da farce ne ba tare da ya yi musu rufi ba, don haka ba ya hana ruwan alwala isa ga jiki, saɓanin jan farce na kanti wanda dole a goge shi kafin tsarki ya inganta.

Ga kuma ganyen magarya, wanda malamanmu ke fassara kalmar sidr da shi. A Sahihu Muslim an ambace shi cikin bayanin wankan mace bayan haila. Idan aka daka shi aka kaɗa a ruwa yana yin kumfa, yana wanke kai ba tare da ya busar da gashi ba. Ga fuska kuwa, cokali 1 na zuma da cokali 1 na kindirmo da ɗan kurkum kaɗan sun isa. A bar shi kamar minti 15 a wanke. Dilka da halawa da muka koya daga 'yan'uwanmu na Barno da Sudan suna cire matacciyar fata da gashi. Sabulun salo na asali yana wanke maiƙo. Asuwaki kuwa sunna ce kuma gyaran haƙora ne.

Sai dai in faɗi gaskiya: babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai mai da baƙa fara. Aikinsu shi ne su sa fata ta yi laushi da sheƙi a kan launinta. Duk mai sayar da haɗin da ta kira na gargajiya, ta kuma yi alkawarin fari cikin mako guda, to ki tabbata ta zuba wani abu a ciki wanda ba ta gaya miki ba.

Haka kuma, ba duk abin da aka gada ne ke da aminci ba. Kwallin da ya zo a hadisi shi ne ismid, amma da yawa daga tozalin da ke kasuwanninmu dutsen dalma ne. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri a Boston da gubar dalma ta shiga jininsa ta hanyar tozalin da aka kai daga Nijeriya. Da aka auna sai aka tarar fiye da kashi 80 cikin 100 nasa dalma ce. Mu da muka ga yadda dalmar wuraren haƙar zinari ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 bai kamata mu riƙa sa ta a idon jarirai ba. Baƙin lalle da ake haɗawa da dayis shi ma yana ƙona fatar wasu har ta tashi bororo. Lemon tsami a fuska sannan a shiga rana yana barin tabo. Saboda haka kowane sabon haɗi a fara gwada shi a ɗan wuri a hannu, a jira kwana 2. Wadda kuma ta daɗe tana shafa mai sitiroyid kada ta yanke shi farat ɗaya, domin fatar na iya rikicewa. Ta je asibiti likita ya tsara mata yadda za ta janye a hankali.

Yanzu gare ku samari. Da babu masu saye da kasuwa ta watse. Kai ne ka aika wa iyaye cewa fara kake so, kai ne kake yaba hoton da aka wanke da waya, sannan bayan aure ka dawo kana ƙorafin fuskar amarya ta canja. Manzon Allah (SAW) ya ambaci kyau cikin abubuwa 4 da ake auren mace dominsu, amma ya yi umarni da a zaɓi ma'abuciyar addini, kuma bai ce kyau launi ɗaya ne ba. Ku ma iyaye mata da gwaggonni, ku daina cewa yarinya "ga kyau amma baƙa ce". Wannan "amma" ita ce take kai ta shagon mai haɗi.

Ɗalibata ta je asibiti, an tsara mata magani, ta koma man kaɗanya. Launinta bai gama daidaita ba har ranar bikin, ta shiga ɗakinta da sauran tabo a kumatu. Ina roƙon ƙannenta su ɗauki darasi tun kafin su kai inda ta kai. Jikinmu amana ce, kuma za a tambaye mu yadda muka riƙe ta.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni ne. Allah Ya sa mu gode wa halittarSa, Ya kyautata halayenmu kamar yadda Ya kyautata surarmu.