Tsohuwar Mota da Layin CCVA

Motocin gida da yawa a unguwar Sankaryare ta Wagadugu sun sha aiki a Turai kafin a sauke su a tashar ruwan Lome ko Kwatano. Doka ta wajabta kai su cibiyar duba motoci ta CCVA lokaci-lokaci, a gwada birki, fitilu, tayoyi da sitiyari.

Masu motocin na kukan kuɗi da dogon layi, kuma kukansu abin saurare ne.

Amma mai aron taya ranar dubawa ya mayar da yamma ya ci amanar maƙwabtansa. Wagadugu garin babura ne. Birkin da ya ƙi ci a bakin kasuwar Sankaryare kan mace mai goyo ko ɗan makaranta yake ƙarewa.