Sharhi: Gaya da Kwantenonin Kwatano

Sharhinmu na yau kan garin Gaya na Nijar ne da alaƙarsa da tashar jiragen ruwa ta Kwatano a ƙasar Benin.

Nijar ba ta da teku, amma shinkafa da magunguna da kayan gyaran mota da ke kasuwanninta yawancinsu ta ruwa suke zuwa. Shekara da shekaru, kaso mafi girma na wannan kaya a Kwatano aka riƙa sauke shi. Na'urar ɗaukar kaya ta ciro kwantena daga jirgi, wakilin mai kaya ya yi ta fama da takardu, sannan a ɗora wa tirela. Direba ya kama hanyar Parakou, ya ci sama da kilomita 700 kafin ya iso Malanville, ya haye gadar Kogin Kwara, sai ga shi a hannun 'yan duwan na Gaya. Daga nan wasu su nufi Dosso da Yamai, wasu su karkata gabas zuwa Ƙonni da Maraɗi, ga kuma Kamba ta jihar Kebbi nan kusa.

Kowace motar da ta tsaya arziki ce ga garin. Ɗan dako ya samu, bakanike da mai faci su samu, haka mai tuwo da mai shayi da ɗan kamasho.

Sai ga juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar. Ƙungiyar ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe gada, ɗaruruwan motoci suka yi cirko-cirko a Malanville. Abin takaici, har da kwantena aka tare gadar da ya kamata kwantena ta ratsa. A watan Fabrairun 2024 an ɗage takunkumin, Benin ta buɗe nata ɓangaren, amma hukumomin Yamai suka bar nasu a rufe bisa dalilan tsaro. Mutane da ƙananan kaya suka koma kwale-kwale. Manyan kaya kuwa aka juya su zuwa Lome, su ratsa Burkina Faso ta Kaya da Dori da rakiyar sojoji, su shigo ta Tera. Hausawa na cewa hanyar lafiya a bi ta da shekara. To, wannan ga nisa, ga kuma 'yan bindiga.

A sana'ar kwantena lokaci shi ne kuɗi. Kamfanin jirgi yana ba mai kaya 'yan kwanaki kyauta, in sun wuce ya fara lissafa tarar jinkiri kullum, tasha ma ta caji kuɗin ajiya. Motar da ke jiran ayari ba ta fasa cin kuɗin haya. Ɗan kasuwa kuma ba ya haɗiye asara. A kan kwanon shinkafa yake ɗora ta, magidanci ya biya.

Tsaron ƙasa ba abin wasa ba ne, kuma hukuma ce ta san abin da ta gano. Sai dai wannan rikici ya tona wani tsohon sakaci. Layin dogon da ya taso daga Kwatano a Parakou ya tsaya tun zamanin Turawa. Wanda kamfanin Bolloré ya shimfiɗa daga Yamai zuwa Dosso, kimanin kilomita 140, bai ƙaraso Gaya ba, kuma ba ya jigilar kaya. Tashar tudu ta Dosso an daɗe ana jin labarinta. Amma da aka sa niyya, bututun mai na kusan kilomita 2,000 ya taso daga Agadem ya kai gaɓar Seme, har aka fara lodi a 2024.

Don haka kiranmu uku ne. A raba ƙafa tsakanin Kwatano da Lome da tashoshin Najeriya, kada toshewar ƙofa ɗaya ta sake tsayar da kasuwa. A ƙarasa tashar tudu, yadda za a buɗe kwantena a tantance ta a gida, aikin ya zauna a hannun 'ya'yanmu. Sannan a sa wa Gaya jari a rumbunan ajiya da sarrafa rake da shinkafar da yankin ke nomawa, domin motar da ta kawo kaya ta samu na komawa.