Filin Furanni: Okid Mai Geza Na Fadamun Amurka

Wata 'yar'uwa ce ta aiko mini da hoton wani farin fure, ta ce sahibinta da ke karatu a jihar Mishigan ta Amurka ya ɗauko shi a wata fadama, har ya yi alkawarin tono mata shi in zai dawo gida. Tana son sanin sunansa.

To 'yar'uwa, wannan ɗan gidan okid ne, masana tsirrai na kiransa Platanthera leucophaea. Ni kuwa okid mai geza nake ce masa. Ki dubi leɓen furen na ƙasa da kyau, za ki ga ya rabu gida uku, kowane gida bakinsa a tsattsage siri-siri kamar gezar gyale. Nan ne sirrin yake. Akwai wani ɗan'uwansa fari tas, shi ma da geza, amma leɓensa guda ne bai rabu ba. Akwai kuma mai leɓe uku irin nasa, sai dai shi launin shunayya gare shi. Naki fari ne mai ɗan sirkin ruwan madara, furannin sun yi cincirindo a saman kara guda, ga wani siririn bututu yana reto a bayan kowanne. Tsayinsa kan kusa mita 1, yana fure daga ƙarshen Yuni zuwa Yuli.

Abin da ya fi burge ni, wallahi, sai rana ta faɗi yake sakin ƙamshinsa. Wani malam-buɗe-littafin dare mai dogon harshe yake kira, shi ne mai iya kaiwa ga zaƙin da ke ƙasan bututun nan, a haka yake yi masa barbara. Su samarinmu masu zuwa zance bayan magariba ai sai su ga ɗan'uwa!

Maganar tonowa kuwa, don Allah ki rubuta masa ya bari. Irin furen nan kamar ƙura yake, ba shi da guzurin abinci a cikinsa, ba ya tsira sai da taimakon wata funfuna da ke cikin ƙasar fadamar. In an raba shi da wurinsa da wuya ya rayu, balle a tukunya a zafin Kano. Ga shi kuma ya yi ƙaranci, don an janye ruwan fadamunsa da yawa an mai da su gonaki. Tun 1989 gwamnatin Amurka ta sa shi cikin tsirran da ake fargabar ƙarewarsu, doka na kare shi. Kada garin neman burge ki bawan Allah ya jawo wa kansa tara a ƙasar mutane. Ya ƙaro miki hoto, wannan karon ya matsa kusa da leɓen.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.